Kaka ta kama: yadda za a cire kayan lambu a adana su har bazara

Mai Kula da Zaure: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ruwa ya fara ja da baya, an shiga yankan gero, kuma duk wanda ya yi 'yar shuka a bayan gida ko a kangon unguwa yanzu kaya sun taso masa lokaci guda: kuɓewa, yakuwa, rama, zogale, kabewa, barkono, dankali. Da hunturu ya kankama kuɓewa ɗanya za ta yi wuya a kasuwa, ganye ma sai na lambu. Masu sani bismillah, a faɗa mana abin da ake fara cirewa, yadda ake shanya, da abin da ake zubawa a ciki. Don Allah a kawo awo da adadin kwanaki, kada a tsaya ga "a shanya sosai".

Malamin Gona: Wa alaikumus salam. Kafin a shiga ɗaya bayan ɗaya, a raba kayan gida biyu, don nan ake yawan yin asara. Akwai waɗanda ake busarwa ƙayau: kuɓewa, ganyaye, barkono, kauɗar tumatir, wake. Su idan sun bushe rufe su ake yi ruf, iska ba ta shiga. Akwai kuma waɗanda har bayan an cire su da ransu, suna numfashi suna fitar da gumi: kabewa, dankali, albasa. Su idan aka ƙulle a leda ko jarka ruɓewa za su yi.

Sai lokaci. Daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba a nan Katsina rana tana da zafi, amma iska ba ta bushe ba, kuma raɓa tana sauka da dare sosai. Shanyar da ta kwana a waje tana shan ruwan da ta yini tana fitarwa. A shimfiɗa bayan hantsi ya ɗaga, a kwashe kafin magariba, kullum. Sai iskar hunturu ta fara kaɗawa a Nuwamba ne ake iya sassautawa.

Gwaggo Mai Kuɓewa: Malam ya gama magana a kan raɓa. Ni bari in kama kuɓewa, don ita ba ta jiran kowa. Daga faɗuwar hure zuwa tsinka kwana 4 ne zuwa 6. Tsawon yatsa ya isa. A gwada karya bakinta da babban yatsa: in ya ɓalle ƙas, ta yi, in ya lanƙwashe bai karye ba, ta ƙosa, ta zama ta iri, garinta ba zai yi yauƙi ba sai zare-zare a miya. A riƙa zagayawa duk bayan kwana 2, in an daɗe 3. Duk wadda aka bari ta ƙosa a jikin uwar tana hana sabbi fitowa.

Kada a wanke bayan an yanka. In da ƙasa a jikinta a wanke ta ɗungum, a baza ta tsane sarai, sannan a yanka. Yanka ƙwaya-ƙwaya, kaurin rabin santimita, da wuƙa mai kaifi marar tsatsa. Wuƙa mai tsatsa da tara yankakkiya a kwano ta jima kafin a baza su ne ke sa ta baƙi. A baza a tabarma shimfiɗa ɗaya, kada wata ta hau wata, a motsa ta da hannu sau biyu a yini don tana manne wa tabarma ranar farko. Kwana 3 zuwa 4 da rana mai kyau. In kin damƙa ta yi ƙaras-ƙaras tana karyewa, ta bushe. In tana lanƙwasa, saura.

Amaryar Ƙofar Ƙaura: Gwaggo, to a daka gaba ɗaya a ajiye garin, ko a bar ta haka?

Gwaggo Mai Kuɓewa: 'Yata, a bar ta haka. Gari yana saurin shan danshi, ƙamshi ya gudu, yauƙi ya ragu, ƙwari kuma sun fi son shi. Ki daka na mako biyu kawai, sauran ki zuba a bokiti mai murfi ko kwalba. Kuma kada ki zuba ta da zafin rana a jikinta, ki bari ta huce a inuwa tukuna, in ba haka ba gumi zai taru a cikin murfin.

Malamin Gona: Ƙari a kan na Gwaggo, don mai lissafi: kuɓewa kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ce, saboda haka kilo 9 zuwa 10 na ɗanya ne ke ba da kilo 1 na busasshiya. Wanda ya ga shanyarsa ta koma 'yar kaɗan kada ya ɗauka sata aka yi masa.

Baba Mai Lambu, Ƙofar Marusa: Abin da ni ke son a ja kunnen mutane a kai shi ne wajen shanyar. Wanga shanya da ake yi a bakin kwalta, ko a kan daɓen da awaki da kaji ke bi, ba ta dace ba. Ƙura, hayaƙin mota, kashin dabba, duk cikin miya za su ƙare. Ga ɓera da dare, kuma ma'aikatan lafiya sun sha faɗa cewa ta fitsari da kashin ɓera a kan abinci ake kamuwa da zazzaɓin Lassa. A kafa gado: sanduna huɗu masu gwafa, tsawon ƙugu, a jera kara a sama, a shimfiɗa tabarma ko buhu wankakke. Iska na bi ta ƙasa da sama, bushewa ta fi sauri. In da tsohon gidan sauro marar magani, a wanke a rufa, ƙuda ba zai sauka ba.

Inna ta Daura: Sannunku da ƙoƙari. Ganye fa ba a yi masa irin ta kuɓewa. Zogale, kuka, yakuwa, rama, lalo, tafasa, duk a inuwa ake shanya su, inda iska ke ratsawa: ƙarƙashin rumfa, ko zaure, ko ɗaki a buɗe tagogi. Rana kai tsaye tana mayar da su ruwan ƙasa, miyar ta fito ba launi. Kukar da aka shanya a inuwa kore shar take, ta rana kuwa ko a ido an san ta.

A tsinko da safe bayan raɓa ta ɗauke. A wanke da reshensa, a rataye ko a girgiza ya tsane, sannan a zage ganyen. A baza sama-sama, kada kaurin ya wuce yatsa ɗaya, don zogale in ya taru yana ɗumi, cikin yini ɗaya sai ya yi rawaya ya fara wari. Kwana 3 zuwa 5. Yana murmushewa a tafin hannu an gama.

Ita kuka yanzu ne lokacinta, kafin ganyen ya fara rawaya ya zube. A zaɓi kore mai lafiya, a bar wanda tsutsa ta ci ko mai ɗigo-ɗigo.

Malama Mai Kimiyyar Abinci: Inna, abin da kika faɗa a kan launi yana da tushe. Hasken rana yana lalata sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, shi ya sa busasshen ganye mai kore ya fi amfani ga yara. Zan ƙara abu ɗaya: alayyahu, rama da ganyen wake sun fi daɗewa in an sulala su kafin shanya. A tafasa ruwa da ɗan gishiri, a tsoma ganyen minti 2 zuwa 3, a tsame, a baza nan take. Zafin yana tsayar da abin da ke ci gaba da canja launi da ɗanɗanon ganye bayan an tsinke shi.

Inna ta Daura: Malama, ban da kuka da lalo da karkashi. Duk abin da ake so don yauƙinsa in ya taɓa ruwan zafi kafin shanya, yauƙin ya tafi cikin ruwan.

Malama Mai Kimiyyar Abinci: Haka ne Inna, su ba a sulala su. Zogale ma ba dole ba ne.

Ɗan Ajiwa: Ni ina da ja a kan shanyar inuwa a wannan watan. Iska da danshi, ɗaki ba ya bushewa, ganye zai yi hunhuna kafin kwana biyar ɗin su cika. Ai gara a sa a rana ya bushe yini ɗaya a huta.

Malamin Gona: Maganarka tana kan hanya in ɗakin rufaffe ne. Mafita ita ce rumfar kwano ko ta zana wadda gefenta ke buɗe: zafi na saukowa daga sama, iska na wucewa, hasken bai taɓa ganyen ba. In hadari ya haɗu kwana biyu a jere ganyen ya ƙi bushewa, a fitar da shi rana awa ɗaya ko biyu da hantsi a rufa masa yadi mai shara-shara. Asarar ɗan launi ta fi asarar shanyar gaba ɗaya. Wanda kuma zai iya jira, zogale ba gudu yake yi ba, ya bari sai ƙarshen Oktoba.

Baba Mai Lambu, Ƙofar Marusa: Mu zo kan kabewa. Kuskuren farko cire ta da wuri. Alamu uku: yaɗon ya fara bushewa, mariƙinta ya bushe ya yi tauri, sannan in ka danna farce a ɓawon bai shiga ba. A yanke da wuƙa a bar mata mariƙi tsawon yatsu uku a jere. Kada a fizge, kada kuma a ɗauke ta ta mariƙin. In ya ɓalle daga gindi, nan ruɓa za ta fara, wannan sai a sa ta a sahun ci na farko.

Bayan an cire a jera su kwana 10 a inda ke da ɗumi da iska, ɓawon ya ƙara tauri, 'yan ƙujewa su warke. Daga nan a kai ɗaki mai sanyi, a kan katako ko busasshen kara, ba a kan siminti ba don siminti yana gumi. Kada su taɓa juna. Duk mako a juya su, a duba gindin da ƙasan. Kabewa mai lafiya da aka yi wa haka tana kai wata 3, wata irin ma ta wuce. Wadda ta fashe ko ta bugu a fere ta, a yanka siri-siri a shanya, ta yi miyar taushe a bazara.

Amaryar Ƙofar Ƙaura: Baba, a wanke ta kafin a ajiye?

Baba Mai Lambu, Ƙofar Marusa: A'a ɗiyata, busasshen tsumma ya isa. Haka dankali.

Ɗan Ajiwa: Tunda Baba ya ambaci dankali. Matsalarsa a kaka ƙwaro ne, ba ruɓa kaɗai ba. Da ruwa ya ɗauke, kunya tana tsagewa, ƙwaron dankali ya bi tsagar ya yi ƙwai a jikin saiwar. Tsutsar ce ke yin baƙaƙen hanyoyin nan a ciki, dankalin ya yi ɗaci ko dabba ba ta so. Saboda haka ko dai a tura ƙasa a toshe tsagar da zarar an gan ta, ko a haƙe da ya kai wata 3 zuwa 4 gwargwadon iri. Barinsa a ƙasa wai ƙasa ce ma'ajiya, bayan ruwa ya ɗauke, kyauta ce ga ƙwaro.

A yanke yaɗon kwana 3 zuwa 5 kafin haƙa, fatar tana ƙara ƙwari. A haƙa daga gefen kunya, kada fartanya ta sare shi. Kada a bar shi a rana ya wuce awa ɗaya ko biyu, kada a jefa shi cikin buhu. A ware gida uku: lafiyayye na ajiya, wanda ya ji rauni na ci a makon, mai ƙwaro a fitar da shi daga gonar gaba ɗaya.

Malamin Gona: Akwai matakin da aka fi tsallakewa a nan, wato warkar da fata. Dankali yana son ɗumi kamar digiri 30 da danshi mai yawa na kwana 4 zuwa 7 kafin ajiya. A tara shi a inuwa, a rufa busasshiyar ciyawa, a ɗora buhun algarara a sama. Guminsa ne zai ba da danshin. Ƙujewar da ya samu za ta yi sabuwar fata, kuma zaƙinsa yana ƙaruwa. Bayan nan sai yashi: a samu yashi busasshe wanda ya huce, a zuba a kwando ko babbar roba da aka shimfiɗa wa takarda, sahun yashi, sahun dankali ba tare da sun taɓa juna ba, a rufe saman da yashi kaurin yatsu huɗu. Duk wata a tone a duba, a cire wanda ya lalace, a karye tsiron da ya fito in na ci ne. Irin wannan ajiyar ce kuma ke ba da iri: makonni 6 zuwa 8 kafin damina a binne saiwar a ɗan fili ana ba ta ruwa, ta fitar da yaɗon dashe.

Mai Albasa na Jibiya: Salamu alaikum. Albasa gaskiya ɗaya ce: ta damina ba ta ajiya ba ce. Ruwa ya yi mata yawa, wuyanta kauri, ɓawonta bai kama ba. Wanda ya cire yanzu ya yi nufin cinyewa ko sayarwa cikin wata ɗaya zuwa biyu. Ta ajiya ita ce ta rani, wadda yanzu a Oktoba ake zuba irinta.

Amma ko ta yanzu ana iya ja mata kwana. A jira rabin lawashin ya kwanta da kansa, kada a taka shi da ƙafa. In ana ban ruwa a tsayar kwana 10 zuwa 14 kafin cira. A tuge, a jera a inuwa mai iska da ganyenta mako ɗaya zuwa biyu, har wuyan ya bushe, in ka murza shi ba ka jin santsi. Sannan a yanke a bar yatsu biyu. Wanda ya yanke lawashi tun yana ɗanye daf da kai ya buɗe wa ruɓa ƙofa. Masu kaurin wuya da tagwaye a ware su, su za a fara ci. A baza a kan gadon kara, zurfin kada ya wuce kai uku, ko a kitsa ganyen a rataye. Buhun leda haram ne gare ta, sai buhu mai raga.

Wani abin da ba kowa ya lura da shi ba: zafi ba ya sa albasa tsiro, sanyi-sanyi da danshi ke sa ta. Shi ya sa take fara tsiro a Disamba da Janairu. Kuma takin yuriya da aka zuba a ƙarshe, bayan ta fara kai, shi ke kawo kaurin wuya.

Inna ta Daura: Alhaji, lawashin ma kada a zubar. A daka shi sama-sama, a dunƙula, a shanya ya zama gabu. Miyar kuka da gabu ba ta neman albasa.

Uwargida, Sabuwar Unguwa: Ni tambayata kan kayan miya ne. Ana markaɗa tumatir da tattasai da attarugu da albasa, a tafasa ruwan ya ƙone, a ɗura a kwalbar bama, a dafa kwalbar. Wasu suna cewa yana shekara. Minti nawa ya kamata a dafa?

Malama Mai Kimiyyar Abinci: Hajiya, na ji daɗi da kika kawo wannan, don a nan akwai haɗari na gaske. Tumatir shi kaɗai yana da ɗan tsami, kuma tsamin ne ke hana wata ƙwayar cuta mai fitar da guba girma a cikin kwalbar da ba iska. Tattasai, attarugu da albasa ba su da wannan tsamin. In an haɗa su, tsamin ya ragu, kuma zafin tafasasshen ruwa ba ya kashe ƙwayar wannan cutar. Gubar tana shanye jiki, tana iya kisa, kuma ba lallai kwalbar ta yi wari ko ta canja launi ba.

Saboda haka tumatir zalla za a ɗura. Ga yadda ake yi. A zaɓi nunannu masu lafiya, ban da wanda ya fashe ko ya fara ruɓa. A markaɗa, a tafasa. A wanke kwalabe a dafa su, a duba murfin: ba tsatsa, ba lanƙwasa, robar cikinsa lafiya. A kowace kwalba mai rabin lita a zuba ruwan lemun tsami babban cokali 1, mai lita ɗaya cokali 2. A ɗura tumatirin da zafinsa, a bar sarari kamar faɗin yatsa a sama, a goge bakin, a rufe. A shimfiɗa tsumma a gindin tukunya, a jera kwalaben a tsaye, ruwa ya shanye kansu da yatsu biyu. Daga lokacin da ruwan ya tafasa ake fara ƙirga: minti 40 ga rabin lita, minti 50 ga lita ɗaya. Na ƙara minti biyar-biyar a kan abin da ake ba mutanen bakin teku, saboda Katsina tana kan tudu kimanin mita 500, ruwa yana tafasa da zafin da bai kai nasu ba. Washegari a danna tsakiyar murfin: in ya lotsa ciki bai motsa ba, ya kama. In yana ƙwas-ƙwas, a yi miya da shi a ranar.

Uwargida, Sabuwar Unguwa: Malama, amma mata da yawa suna haɗawa, kuma ba a ji abin da ya same su ba. Wasu ma mai kawai suke zubawa a sama.

Malama Mai Kimiyyar Abinci: Gaskiya ne ba kullum yake faruwa ba, kuma abin da ke taimakon mutane shi ne miyarmu tana daɗewa a wuta, tafasa mai kyau ta minti 10 tana lalata gubar. Amma ɗanɗanawa da yatsa kafin a dafa, ko zubawa a kan abinci a ƙarshen girki, ya isa. Man da ake zubawa a sama kuwa iska kawai yake tarewa, ita kuma wannan ƙwayar inda ba iska take so. Haɗin da aka yi da tattasai da albasa wurinsa firiza. Duk kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi tsartuwa da aka buɗe, a zubar inda yaro da kaza ba za su kai ba, kada a ɗanɗana.

Gwaggo Mai Kuɓewa: Shi ya sa ni na fi yarda da kauɗa. A raba tumatir biyu, babba huɗu, a juya cikin yana kallon sama, a barbaɗa ɗan gishiri, a kan gado da gidan sauro. Amma a bari sai hunturu. Kauɗar Oktoba ita ce ke yin baƙi da tsami.

Malamin Gona: Ƙwarai. Tumatir ruwansa ya kai kashi 94 cikin 100, kilo 15 zuwa 18 ke ba da kilo 1, ga shi da zaƙi, ƙuda da hunhuna suna rububinsa. Ai ma arahar tumatir a wajenmu sai na rani ya fito daga Ajiwa da Jibiya da Zobe da Sabke, wajen Janairu zuwa Maris, lokacin iska ta bushe ƙayau. Kauɗa da ɗurin kwalba a tanade su zuwa lokacin. Ɗan na bayan gida da ake da shi yanzu a tsinke shi da ya fara sauya launi, a jera a inuwa gindinsa a ƙasa, ya nuna a hankali.

Barkono kuwa yanzu ne. A bari ya yi ja sosai a jikin uwar, a tsinka da mariƙinsa, a fitar da mai tabo. Ƙanana suna bushewa cikin mako ɗaya, tattasai yana kai kwana 10 zuwa 14. Attarugu naman jikinsa da kauri, sai an tsaga shi biyu, in ba haka ba waje ya bushe ciki ya ruɓe. Alamar bushewa: in an girgiza 'ya'yan suna ƙara a ciki. Duk wanda aka fasa aka ga fari ko baƙin gari-gari a ciki a zubar. Irin hunhunar da ke kama gyaɗa da masara ce, gubarta tana taɓa hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta.

Ɗan Ajiwa: Malam, a taɓa wake, ko da ba kayan lambu ba ne sosai. Kowa ya ɗan soka shi a gefen shuka, kuma tiya biyar ɗin nan ƙwari ke cinye ta kafin azumi.

Malamin Gona: Ƙwaron wake tun daga gona yake shigowa, ƙwansa na manne da kwanson. Wanda ya ga wakensa tas ranar sussuka kada ya saki jiki. Farko a tabbatar ya bushe: a sa busasshen gishiri cokali ɗaya da ɗan wake a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bari minti kaɗan. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar rana. Sannan a zuba a jarka wankakkiya busasshiya, wadda ba a taɓa sa fetur ko maganin feshi a ciki ba, a cika ta har wuya ana bubbugawa, a sa leda a bakin a ɗaure murfin tam. Ƙwarin da ke ciki za su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu. Sharaɗin shi ne kada a buɗe kafin wata 2. Saboda haka na ci yau da gobe a ware shi daban a ƙaramin galan. Mai buhu guda ya nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki, kowace leda a matse iskarta a ɗaure ta daban, a ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera, don huji ɗaya ya ɓata aikin.

Hanyar iyayenmu ma tana aiki ga ɗan kaɗan: toka tankaɗaɗɗiya wadda ta huce, kwano ɗaya na toka ga kwano ɗaya na wake, a cakuɗa, a rufe saman da toka.

Baba Mai Lambu, Ƙofar Marusa: Kuma don girman Allah a bar zuba Sniper da ƙwayar maganin rumbu a abincin gida. Ƙwayar nan hayaƙi take fitarwa mai kisa, ba a ajiye ta a ɗakin da ake kwana.

Malamin Gona: Baba ya faɗi gaskiya. Sinadarin da ke cikin Sniper ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya a 2015. Haka nan wanda ya yi wa kuɓewa ko barkono feshi ya duba takardar maganin, akwai adadin kwanakin da za a jira kafin a tsinka. Shanya ba ta cire magani.

Amaryar Ƙofar Ƙaura: Ɗanyen kaya fa, na kwana biyu zuwa mako, ga wanda ba shi da firji?

Inna ta Daura: Tukunya cikin tukunya, 'yata. Babba da ƙarama na ƙasa, marasa fenti. A zuba yashi tsakaninsu, a jiƙa shi safe da yamma, a sa kayan a ƙaramar, a rufa jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Gauta, yalo, tattasai, tumatir da alayyahu duk suna jin daɗinta. Ban da albasa da kabewa.

Malama Mai Kimiyyar Abinci: Wani malami ɗan Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabarar, har ya samu kyautar Rolex a kanta a 2000. Ƙafewar ruwan yashin ce ke janye zafi daga ciki, shi ya sa ta fi aiki daga Nuwamba zuwa bazara. A wannan watan mai danshi sanyinta kaɗan ne, kada a cika ta da yawa.

Mai Kula da Zaure: Saura iri. Wani ya turo ta akwatin sirri yana tambaya ko zai iya ɗebe iri daga tumatirin da ya shuka da irin da ake sayarwa a gwangwani.

Malamin Gona: Ya duba gwangwanin ko fakitin. In an rubuta F1, haɗaɗɗen iri ne, 'ya'yansa ba za su fito kamar uwar ba, ya sayi sabo. In na gida ne, ya zaɓa daga shuka mafi lafiya, ba daga ragowar ƙarshen kaka ba. Tumatir: a matse 'ya'yan da ruwansu a kofi, a bari kwana 2 zuwa 3 har saman ya yi kumfa, a wanke, waɗanda suka nutse su ne iri, a shanya a inuwa a kan faranti, ba takarda ba don suna mannewa. Kuɓewa: a ɗaura ƙyalle a gindi biyu ko uku masu kyau, a bar 'ya'yansu su bushe a jiki har su fara tsagewa. Kabewa: daga wadda ta fi daɗewa a ajiya ba ta lalace ba. Barkono mai yaji da tattasai in suna kusa da juna suna haɗuwa ta hanyar ƙwari, tattasan baɗi ya fito da yaji, saboda haka a ɗebi iri daga waɗanda ke nesa da juna.

Kowane iri a naɗe a takarda, a rubuta suna da shekara, a sa a kwalba da ɗan gawayi busasshe ko toka a gindi, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, ba saman rufin kwano ba, ba kusa da murhu ba. Irin albasa ba ya wuce shekara ɗaya da ƙarfinsa, na tumatir yana kai 3 zuwa 4. Kafin shuka a ƙirga ƙwaya 10 a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma mako ɗaya. In 7 ko fiye sun tsiro a shuka yadda aka saba, in ƙasa da 5 ne a nemi wani.

Gwaggo Mai Kuɓewa: Yakuwa kuma a daina tsinkar ganyenta daga gindin da ake son zoɓo, tunda ta fara hure. Sai bayan mako 2 zuwa 3 da faɗuwar huren ake yanke zoɓon, a ɓare shi daga ƙwallon tun yana ɗanye don in ya bushe ba ya ɓaruwa da daɗi. Gurguzun a shanya shi daban, a ɗebi na iri, sauran na daddawa.